Daga gona zuwa Majalisa: yadda manomi zai shiga siyasa a Gana bai rasa gonarsa ba

Hausawa da yawa masu noma a Ejura, Ofinso da Agogo gida biyu gare su: iyali na Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango a Kumasi, gonar masara da doya kuwa tana can ƙauye. Irin wannan mutum, in ya yi suna da riƙon amana, wata rana jama'a za su zo su ce masa, "Alhaji, ka fito mana." Kafin ka amsa, ka san cewa sunan da kake da shi daga gonar ya fito, kuma gonar ce abu na farko da siyasa za ta nemi cinyewa.

Takardu tukuna

Fara da rajistar masu zaɓe. A ina sunanka yake? Wanda ya yi rajista a Asawase don can iyalinsa suke, alhali ƙauyen da ke son sa yana ƙarƙashin Ejura, sai ya nemi Hukumar Zaɓe ta mayar da ƙuri'arsa a lokacin da ta buɗe ƙofar yin haka. Ba kullum ƙofar ke buɗe ba.

Sashe na 94 na Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya faɗi sharuɗɗan ɗan takarar Majalisar Dokoki: ɗan ƙasa, mai shekara 21 ko fiye, mai rajista, wanda ke zaune a mazaɓar, ko ya zauna a cikinta shekara 5 cikin 10 da suka wuce, ko asalinsa can ne, kuma ya biya harajinsa ko ya daidaita da hukumar haraji kan yadda zai biya. Ba a nemi takardar makaranta ba. Amma muhawarar Majalisa da takardunta da Turanci ake yi, don haka wanda karatunsa na boko bai yi nisa ba ya tanadi amintaccen magatakarda tun yanzu.

Maganar zama ɗan ƙasa ita ce sandar da ake fara ɗaga wa ɗan Zango. Tun korar baƙi ta 1969 a zamanin Busia, ba wuya a ce wa mai suna irin namu baƙo ne. Ka haɗa Katin Gana, takardar haihuwa, tsohon katin zaɓen mahaifinka ko na kakanka in yana nan, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a ko'ina. Abubakar a wannan kati, Bukari a wancan, ya isa abokin hamayya ya shigar da ƙorafi. In kuma ka taɓa karɓar fasfon wata ƙasa, ka kammala sakin zamanka ɗan waccan ƙasar kafin ka miƙa fom. A 2023 Kotun Ƙoli ta sa aka cire James Gyakye Quayson na Assin ta Arewa daga Majalisa a kan maganar zamansa ɗan Kanada lokacin da ya miƙa takardunsa, sai da ya sake cin zaɓen cike gurbi sannan ya koma.

Sashe na 276 ya hana sarki shiga siyasar jam'iyya, sai ya sauka daga karaga. Mai riƙe da wata sarauta ta Zango ko ta ƙabila ya ga lauya kafin ya buga hoto.

Takardar gonar ma ta shiga lissafi. Yawancin gonakin ƙasar Tonawa, wato Ashanti, na karagar sarauta ne, baƙon manomi yana noma ne da izinin sarkin gari ko na wani dangi, sau da yawa da baki kawai aka yi maganar. Ranar da ka tsaya takara da ɗan gidan da ya ba ka ƙasar, za a tuna cewa ba a rubuta komai ba. Ka sa a rubuta yarjejeniya mai iyaka da adadin shekaru, da shaidu daga ɓangarorin biyu, tun ba wanda ya ji ƙishin-ƙishin ɗin takararka.

Ta ƙasa ake hawa

Ƙaramin mataki shi ne kwamitin unguwa mai mutum 5, sama da shi kujerar Asambuli, wato majalisar gunduma. Ana zaɓensu tare duk shekara huɗu. An yi a ranar 17 ga Disamba 2019, aka sake a ranar 19 ga Disamba 2023. Shekara 18 ta isa, ba a biyan kuɗin fom. Mai neman Asambuli yana bukatar mai gabatar da shi, da mai mara masa baya, da wasu mutum 18 masu rajista a yankin su sa hannu. Ka nemo fiye da haka, ka duba katin kowa da idonka, domin mutum ɗaya da rajistarsa ke wani yanki zai sa a maido maka da fom ana gab da rufewa.

Wannan zaɓe ba na jam'iyya ba ne. Sashe na 248 ya hana ɗan takara amfani da alamar jam'iyya, ya kuma hana jam'iyya ɗaukar nauyinsa. Kowa ya san wane ɗan giwa ne, wato jam'iyyar NPP, wane ɗan lema ne, wato jam'iyyar NDC, amma kada giwa ko lema ko launinsu su hau hotonka. Ga manomi wannan riba ce: makwabtan gonarka na kowane ɓangare za su iya dangwala maka ba tare da sun ji sun ci amanar jam'iyyarsu ba. Mutane kuma ba sa fitowa sosai a wannan zaɓe, ƙuri'a 'yan ɗari kan isa. Wanda ya bi gida-gida, ya tuna wa mutane ranar, shi ke ci.

In ka shiga, za ka tarar kashi 70 cikin ɗari na mambobi zaɓaɓɓu ne, kashi 30 Shugaban Ƙasa ya naɗa. Shugaban gunduma ma naɗi ne, amma ba ya zama sai kashi biyu cikin uku na mambobin da suka halarta suka yi zaɓe sun amince da shi. A ranar nan za a neme ka ƙwarai, za a kuma gane wane iri ne kai. Doka ta yarda a yi zaman Asambuli da Turanci da kuma harshen da jama'ar gundumar suka saba da shi, don haka Tonancinka na kasuwa zai yi maka aiki.

Abin da sabon ɗan Asambuli ke yawan kuskurewa shi ne yadda kuɗi ke tafiya. Gunduma tana da tsarin ci gaba na shekara huɗu, daga cikinsa ake ciro aikin kowace shekara, daga nan ake yin kasafi. Kwalbatin da ke hana tarakta kaiwa gonakin ƙauyenku, in ba ya cikin tsarin nan, ko ka yi ta ihu a zauren taro ba za a gina shi ba. Ka je wurin jami'in tsare-tsare da takarda: sunan hanyar, tsawonta, ƙauyukan da ke bin ta, buhunan da ke fitowa ta nan a kaka, da hoton wurin lokacin da ruwa ya cika. Ka nemi shiga ƙaramin kwamitin ayyuka ko na kuɗi, can ake yanke magana kafin ta zo babban zama. Ka karanta takardar ƙayyade kuɗin haraji da Asambuli ke amincewa da ita duk shekara layi-layi, a cikinta ake sa abin da za a karɓa kan kowane buhu da zai fita daga kasuwa. Manomin da ya hana a ninka wannan kuɗi ya yi wa mutanensa abin da za su ji a aljihunsu. Ofishin gona na gunduma yana ƙarƙashin Asambuli, don haka kana da bakin tambayar dalilin da ya sa malamin gona bai leƙa yankinku ba.

Rikicin manoma da makiyaya, wanda Agogo ta sha fama da shi, zai zo ƙofarka, kuma da yake kana jin Hausa, kowane ɓangare zai ɗauka kai nasa ne ko kai na wancan ne. Kada ka yanke hukuncin ɓarna kai kaɗai. Malamin gona ya auna ɓarnar, a rubuta, a kai wa sarkin gari da kwamitin tsaro na gunduma.

Masu zaɓe na iya tsige ɗan Asambuli: kashi 25 cikin ɗari na masu rajista su sa hannu a takardar koke, a yi ƙuri'a. Ba kasafai ake kaiwa nan ba, amma dokar tana nan.

Raba aljihun gona da na siyasa

Nan ne yawanci ake karyewa. Lokutan siyasar Gana kamar da gangan aka ɗora su a kan na noma. Masarar ƙaramar damina ana shuka ta daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, a girbe a Disamba ko Janairu, babban zaɓe kuwa ranar 7 ga Disamba ne. Watannin da gona ke neman taki da feshi su ne watannin da kamfe ya fi zafi. Zaɓen fidda gwani na NDC na watan Mayu 2023 ya faɗo ne ana tsakiyar aikin babbar damina.

Masara ba ta jiran kowa. Takin farko na NPK yana shiga ne cikin mako biyu da shuka, na biyu tsakanin mako huɗu zuwa shida. In ka makara da kwana goma don kana yawon gaisuwa, ganye ya yi rawaya, zangarniya ta fito ƙanana. Tsutsar nan da ta addabi masarar ƙasar nan tun 2016 da 2017 tana shigewa cikin kunnen shuka, in ba a duba gona aƙalla sau ɗaya a mako ba, kafin a farga ta yi girman da magani ba ya kama ta. Saboda haka shekarar takara ka rage eka, ka noma abin da mutum ɗaya amintacce zai iya kula da shi. Ka sayi iri da taki da magani na damina biyu ka kulle a ɗaki kafin ka sayi fom, mabuɗin kuma ya zauna a hannun wanda ba ya cikin tawagar kamfe. Kuɗin lebura da na tarakta su zauna a wani asusu dabam.

Mai kula da gonar a yi masa rabo bayyananne. Tsarin abunu, wato raba amfani biyu, da na abusa, wato raba shi uku, sanannu ne a nan, amma a rubuta wa ke kawo taki, wa ke biyan lebura, da wane buhu za a auna. Ɗan'uwan da aka bar wa gona da "ai namu ne duka" shi ke fara sayar da buhu biyar a ɓoye, kuma ba za ka iya yi masa magana ba don kana bukatar ƙuri'ar gidansu.

Kada ka karɓi kuɗin kamfe a hannun dillalin hatsi da sunan za ka biya da masara a kaka. Farashin kaka shi ne mafi ƙasƙanci a shekara, da shi za a lissafa maka. Gara ka busar da masararka sosai, danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin ɗari, ka adana, ka riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan. Gonar kanta, da tarakta in kana da ita, ba sa shiga jingina ko da waye ya rantse maka cewa kujerar taka ce.

Nawa abin zai ci? Wani bincike da cibiyar CDD-Ghana ta yi tare da gidauniyar Westminster ya nuna cewa a zaɓen 2016 ɗan takarar Majalisa ya kashe kimanin sidi 390,000 a matsakaici, daga fidda gwani zuwa babban zaɓe, ƙarin kashi 59 cikin ɗari a kan 2012. Tun daga lokacin sidi ya faɗi, komai ya tashi. Ka mayar da lissafinka zuwa buhunan masara, za ka ga ko damina nawa ce.

Daliget

A mazaɓu da dama, wanda ya ci fidda gwani na jam'iyyar da ke da rinjaye ya riga ya yi rabin tafiya. Masu wannan zaɓe kuwa daliget ne, wato wakilan jam'iyya da aka ba damar jefa ƙuri'a. A shekarar 2023, a NPP kowace rumfar zaɓe tana da shugabanni 5, a NDC kowane reshe yana da 9, sai shugabannin mazaɓa da wasu 'yan kaɗan. Su waye za su zama waɗannan shugabanni ana yanke shi ne a zaɓen rassa, tun da sauran lokaci mai tsawo kafin fidda gwani, lokacin da ba wanda ke kallo. Mai niyyar Majalisa a nan yake fara aiki: ya yanki kati, ya biya kuɗin wata-wata ya ajiye rasit, ya halarci taron reshe, ya ga mutanen kirki sun tsaya. Kwamitin tantancewa zai tambayi shekarunka a jam'iyya da abin da ka yi mata a mazaɓar.

NPP tana da reshen 'yan Zango mai suna Nasara, NDC tana da nata na Zango. Ƙofa ce mai kyau ta shiga, amma kada ka tsaya a bakinta. Ɗan Zangon da aka san shi da maganar Zango kaɗai, da ita za a bar shi. Muntaka Mubarak yana wakiltar Asawase tun zaɓen cike gurbi na 2005, amma Asawase mazaɓar birni ce mai yawan Musulmi. A mazaɓar ƙauye dole Tonawa da Dagombawa da Konkomba da sauran masu noma su ga kansu a tafiyarka. Abin da ya haɗa ku shi ne hanya, farashi, taki da wurin ajiya.

Kuɗin fom da na shiga takara a manyan jam'iyyun biyu ya haura sidi 30,000 a 2023. Na Hukumar Zaɓe sidi 10,000 ne a 2020 da 2024, an rage wa mata da masu naƙasa kashi 25 cikin ɗari a 2024, kuma ana maido wa wanda ya sami kashi 12.5 cikin ɗari na ƙuri'u.

Gaskiya ɗaya game da daliget: kusan kowa zai karɓi gaisuwarka ya ce yana tare da kai. In mutum 600 suka yi maka alkawari, ka lissafa da waɗanda suka zo taronka da kuɗin motarsu. Sayen ƙuri'a laifi ne a dokar zaɓe, kuma a wannan kasuwa manomi ba zai taɓa fin ɗan kwangila tayi ba. Ɗan'uwa na Kano ko Yamai da ba ɗan ƙasa ba ma kada ya sa kuɗinsa a asusun jam'iyya, tsarin mulki ya keɓe wannan ga 'yan Gana.

Gaisuwar manya tana da tsari. Sarkin Tonawa ta bakin mai magana da yawunsa ake gaishe shi, ka aika tun da wuri a sa maka rana. Al'adarsu kwalbar giya ce, Musulmi yana ba da kuɗi a madadinta, kuma an saba da haka. Sarkin Zango da liman a je musu da goro da dattijon unguwa a gaba. Addu'a za ka roƙa, ba goyon baya a bainar jama'a ba, kuma kada ka mayar da masallaci dandalin kamfe. Ranakun Asabar na jana'izar Tonawa ne, inda ake shelanta gudummawar kowa da lasifika, ga suna da aure da sadakar arba'in a namu ɓangaren. Ka yanke abin da za ka riƙa bayarwa, adadi ɗaya ga kowa, wanda za ka iya ci gaba da shi shekara huɗu. Wanda ya fara da yawa ya rage, an ce ya canza.

Taron gangami sai an sanar da 'yan sanda a rubuce kwana 5 kafin ranar. Samarin da za su zo su ce za su zama masu tsaronka, ka sallame su da daɗin baki: tun bayan rikicin Ayawaso ta Yamma a 2019 aka yi dokar da ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa, hukuncinta ɗauri ne mai tsawo.

Ranar zaɓe

Ana buɗe rumfa ƙarfe 7 na safe, a rufe 5 na yamma, wanda ke kan layi a lokacin zai jefa tasa. Kujerar Majalisa mai rinjaye ke ɗauka, ko da ƙuri'a ɗaya ce. Duk wahalar shekaru tana hannun wakilinka na rumfa, saboda haka ka zaɓi mai iya karatu da lissafi, ba mai ƙarfin murya ba. A ce mazaɓarka tana da rumfa 150, mutum biyu a kowace, mutum 300 ke nan da za ka horar, ka ba takardar wakilci, ka ciyar a inda suke. Wakilin da ya tafi neman abinci da azahar ya bar rumfa ba mai ido.

Ka koya masa abu huɗu. Ya ga akwati babu komai kafin a rufe shi, ya rubuta lambobin hatimi da na takardun ƙuri'a. Bayan rufewa ya rubuta adadin mutanen da na'urar tantancewa ta tantance, ya gwada da ƙuri'un da aka zazzage daga akwati, in ƙuri'u sun fi yawa ya yi magana nan take. In bai gamsu da ƙirga ba yana da damar neman a sake a rumfar. Sannan ya karanta takardar sakamako mai ruwan hoda, alƙaluma da kalmomi, kafin ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hotonsa ya aiko. In ya ƙi sa hannu ya rubuta dalili a takardar, domin ƙin sa hannu kawai ba ya soke sakamako.

Masu zaɓenka ma a nuna musu yadda ake dangwalawa a gida ɗaya tak, a kuma naɗe takardar a tsaye yadda tawada ba za ta taɓa gidan wani ba. Tsofaffi da yawa a nan ƙuri'arsu ke lalacewa. Kai kuma ka tafi cibiyar tattara sakamako da kwafin kowace rumfa da mai lissafi a gefenka. In za ka ƙalubalanci sakamako, Babbar Kotu ake zuwa cikin kwana 21 da buga shi a jaridar gwamnati, kuma waɗannan kwafin ne hujjarka.

Wanda ya ci, ranar 7 ga Janairu za a rantsar da shi a Ankara, babban birnin Gana, cikin 'yan Majalisa 276. Zai bayyana kadarorinsa ga Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasa, har da gonaki. In zai riƙe wani muƙami mai kawo riba a kamfani, ko da na gonarsa ne da ya yi wa rajista, ya nemi izinin Kakakin Majalisa. Barin jam'iyyar da ta kawo shi yana raba shi da kujerar, haka ma rashin halartar zama 15 ba da izini ba, kuma Majalisa tana zama a watannin Yuni da Yuli, daidai lokacin da masarar babbar damina ke nuna. Ya nemi shiga kwamitin abinci da noma da koko tun makon farko, kafin shugabannin ɓangarensa su gama rabon kujeru.